Ladan Karuwa da Kuɗin Mai Tura Hoton Batsa

Amma ba'adu, akwai wata mas'ala da ta shigo kasuwa ba sallama, ita ce ta masu rumfunan da ake kai wa waya su zuba fina-finai a ciki a biya su. Galibinsu karatu da wa'azi da wasan kwaikwayo suke turawa. Amma akwai wanda in mai saye ya rage murya, sai ya buɗe masa wata taska ta hotunan tsiraici. Irin wannan mutum yakan tsaya sahun gaba a masallacin kasuwa, ana gaisawa da shi hannu bibbiyu, alhali kuwa karuwa ko gilmawa ta yi ta bakin rumfa sai an kau da kai.

Ta wajen haddi lalle ba ɗaya suke ba. Zina ba ta tabbata sai da shaidu huɗu, ko iƙirari, ko bayyanar ciki ga marar miji a mazhabar Imamu Malik. Mai kallo ba haddi a kansa sai ladabtarwa gwargwadon ganin alƙali, ko da yake aya ta 30 cikin Suratun Nur ta umurci muminai da runtse ido.

Ta wajen kuɗi ne maganar ta shafi fatake da 'yan kasuwa. Cikin Muwaɗɗa an ruwaito daga Abu Mas'ud Al'ansari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin ladan karuwa. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta wa ciniki da ijara cewa amfanin abin ya zama halal. To, fim ɗin batsa galibi ba ya samuwa sai an aikata alfashar kanta a gaban na'ura, sau da yawa an biya matar. Ashe karuwanci ne aka adana, ana sayar da dare ɗaya sau dubu. Mai turawa kuwa aikin kawali yake yi, sai dai shi bai ko san sunan wadda yake ci da ita ba.

A duba aya ta 33 cikin surar nan. Ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, wanda ke tilasta wa kuyanginsa karuwanci don ya karɓi kuɗin. Hanin a kan mai karɓar kuɗi ya faɗa, su kuwa waɗanda aka tilasta aka ambata musu gafara.

Akwai kuma inda hoto ya fi muni. Karuwa tana da ƙofar fita: ta bar gidan magajiya, ta tuba, ta yi istibra'i, a ɗaura mata aure, shekara ta zagayo an daina zancen. Hoto ba ya tuba. A 2007 wani bidiyo na wata 'yar wasan fim ya bazu a wayoyin Kano, har hukuma ta dakatar da shirya fina-finai na wasu watanni. Sunan yarinyar ya shiga bakin duniya, waɗanda suka yi ta tura shi daga waya zuwa waya kuwa ba wanda ya ƙidaya su.

Da Zamfara ta yi shelar Shari'a a 1999, Kano ta bi a 2000, gidajen karuwai aka fara garƙamewa, domin gida yana da ƙofa da unguwa. Rumfar mai turawa tana nan tsakanin mai yadi da mai turare, kuɗinsa na shiga adashi ɗaya da nasu.