Kafin a raba, a fara ƙirga kaso

Tambayar rabo ba ta cika ɓacewa daga takardar lissafi ta WAEC da NECO ba, har da jarrabawar shiga sakandare. Malamai na kiranta reshiyo, kuma yara da dama suna zubar da maki a kanta. Da a aji abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma wannan kuskuren ne yake bin mutum har kasuwa, ya raba shi da abokin hulɗa.

A ce mutum biyu sun haɗa jari, ɗaya ya zuba naira 300,000, ɗayan 200,000, bisa sharaɗin za a raba riba gwargwadon abin da kowa ya sa. Rabonsu ya zama 3:2 ke nan. Riba ta fito naira 150,000. Mai gaggawa sai ya raba kuɗin gida 3 ya ba na farko 50,000, ya sake raba su gida 2 ya ba na biyu 75,000. Mai ƙaramin jari ya fi samu, ga kuma 25,000 a ƙasa babu mai su!

Hanyar daidai ita ce a fara tara lambobin: 3 da 2, kaso 5. A raba 150,000 gida 5, kowane kaso ya kama 30,000. Mai kaso 3 ya ɗauki 90,000, mai kaso 2 ya ɗauki 60,000. Daga nan a haɗa a gani. In jimillar ba ta koma 150,000 ba, akwai matsala. A ganina wannan dubawar ta fi kowace dabara amfani, amma ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa.

Masu tsara jarrabawa suna da wani tarkon. Ba kullum suke ba da jimilla ba. Za su ce wa da ƙane sun raba kuɗi 5:3, wan ya fi ƙanen da naira 8,000, nawa kowa ya samu? Yaron da ya haddace tarawa kawai zai raba 8,000 gida 8, ya faɗa rami. Ai 8,000 ɗin tazara ce, kuma tazarar 5 da 3 kaso 2 ne. Kaso guda 4,000 ke nan: wa 20,000, ƙane 12,000. Don haka kafin a taɓa biro, a tambayi kai: lambar nan da aka ba ni, ta duka ce, ta mutum ɗaya ce, ko bambanci ce?

A kula da ma'auni ma. Kilo 2 na gari da giram 500 na sukari 4:1 ne, domin kilo 2 giram 2,000 ne.

Masu gini su kasa kunne. In injiniya ya ce a kwaɓa kankare 1:2:4, yana nufin kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, duk da kwano iri ɗaya. Siminti kashi 1 ne cikin 7. Magini ya auna siminti a shafe, yashi kuwa a cike har da tozo, lambobin suna nan a bakinsa amma kwaɓin ya riga ya tashi daga yadda aka ce, kuma dakalin ne zai tona asiri bayan damina.

Inda abin ya fi tsanani shi ne gado. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta ba ɗa namiji ninkin rabon 'ya mace, wato 2:1. Mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa sun riga shi rasuwa, kuma bayan bashi da wasiyya an sami naira 800,000. Matar za ta fara ɗaukar tumuni, 100,000. Ragowar 700,000 ba gida 5 za a raba ta ba don 'ya'yan su biyar ne. Maza kaso 4, mata kaso 3, jimilla 7. Kowace mace 100,000, kowane namiji 200,000. Da a ce uwar mamacin ko ubansa na raye, kowannensu yana da sudusi, lissafin duk sai ya sauya. Irin wannan rabon a kai shi gaban malamin da ya san fara'ili ko kotun shari'a, ko da kuwa akwai mai digirin lissafi a gidan.