Shiri na Musamman: Uwar Garke a Gida da Ladubban Masu Koyon Ta

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu leƙa wajen mutanen da suka zaɓi su ajiye hotunansu da takardunsu a kwamfutar da ke cikin gidajensu, maimakon su damƙa su ga manyan kamfanoni. Za mu ji yadda ake koyon wannan aiki, da ɗabi'un da masu yin sa suka riƙe a tsakaninsu. Sai ku gyara zama.

(KIƊA YA LAFA)

Duk hoton da ka ɗora a intanet yana kwance ne a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Ita ake kira uwar garke, masu sana'ar kuma su ce sabar. Da yawa daga cikinsu na kamfanoni ne irin su Google da Amazon da Microsoft. Wanda kuwa ya zuba hatsinsa a rumbun wani, ranar da mai rumbu ya ce zai rushe shi, sai ya kwashe ko ya yi asara. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a Amurka, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu, kuma 'yan sa kai ne suka yi ta rige-rigen ceto abin da za su iya. A watan Yunin 2021, Google ya daina bayar da wurin ajiyar hotuna kyauta marar iyaka.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa wasu suka ce bari su koyi riƙe kayansu da kansu. Kayan aikin ba su da tsada. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine za ta iya. Akwai kuma Raspberry Pi, 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ta shiga kasuwa daga Ingila a 2012 a kan dala 35, ga shi ba ta shan wuta sosai. Manhajojin ma kyauta ne: Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, da Nextcloud, wadda aka kafa a Jamus a 2016 don ajiyar takardu da hotuna.

To amma jama'a, ba a sayen ilimin a kanti. Daga hannun mutane ake karɓar sa, kuma a nan ne ɗabi'u suke shigowa.

(GAJEREN KIƊA)

Ɗabi'a ta farko ita ce haƙuri da sabon shiga. Mai koyo zai goge abin da bai kamata ya goge ba, zai kulle kansa a wajen na'urarsa, zai yi tambayar da aka sha amsawa. Idan aka yi masa tsawa, ya tafi ke nan, an rasa wanda gobe zai koyar da wasu. Shi ma mai tambaya akwai ladabin da ke kansa. Ya faɗi irin na'urarsa, da abin da ya gwada, da ainihin saƙon da kwamfutar ta nuna masa. In ya samu mafita, ya dawo ya bayyana yadda aka yi, domin mai zuwa bayansa ya huta.

Ta biyu ita ce faɗin gaskiya game da lahani. Ku dubi Debian, tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda 'yan sa kai daga ƙasashe da dama suke ginawa har yau. A 1997 suka rubuta yarjejeniya tsakaninsu da masu amfani da aikinsu. A ciki sun yi alkawarin ba za su ɓoye matsaloli ba, kuma za su mayar wa al'umma da duk gyaran da suka yi. Shi ya sa kowa na iya duba rahotannin kurakuran Debian a fili. Mai uwar garke a gida yana barci da kwanciyar hankali ne saboda wani, a wata ƙasa, ya ga ɓaraka ya faɗa, wani kuma ya toshe ta ba tare da an biya shi ba.

Ta uku, kuma ita ce mafi nauyi, amana. Da zarar ka ce wa matarka ko ƙanenka su ajiye hotunansu a na'urarka, ka zama mai riƙon kayan mutane. Kana da ikon buɗe komai, amma ba ka da izinin yin haka. Kuma faifan ajiya yana mutuwa ba sallama. Don haka masu wannan harka suke nanata wata ƙa'ida: kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban, saboda gobara ko sata. Wasu abokai kan yi musaya, kowa ya ajiye wa ɗan'uwansa kwafi a kulle, ta yadda mai ajiyar ma ba zai iya karantawa ba. Suna kuma jan kunne cewa kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, bai cancanci a dogara da shi ba.

Ta huɗu ita ce kiyaye haƙƙin maƙwabci. Na'urar da aka bari a buɗe ba mai ita kaɗai take cutarwa ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da na'urorin rarraba intanet waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Canza kalmar sirri da sabunta manhaja, ashe, haƙƙin jama'a ne.

(GAJEREN KIƊA)

Mai sauraro zai iya cewa, ai ba kowa ne ke da lokacin wannan ba. Gaskiya ne, kuma a Faransa an yi tunanin haka. A 2014 ƙungiyar Framasoft ta fara samar wa jama'a madadin hidimomin Google. A 2016 ta jagoranci kafa CHATONS, gamayyar ƙananan masu riƙe da uwar garke, waɗanda suka amince su yi aiki da manhajoji masu 'yanci, ba talla, ba cinikin bayanan mutane. Da jama'a suka yi wa Framasoft yawa, sai a 2019 ta sanar cewa za ta rufe wasu hidimominta, domin mutane su bazu zuwa ga ƙananan masu hidima. Ƙungiyar ta gwammace ta rage girmanta da a ce kowa ya sake taruwa a hannu ɗaya. Wannan darasi ne babba: wanda ya iya, ya riƙe wa 'yan unguwarsu, ya kuma koya wa wani har ya tsaya da ƙafarsa.

A wajenmu akwai ƙarin ƙalubale. Wuta tana ɗaukewa, kuma ɗaukewar ba zato tana iya lalata ma'ajiya, don haka batir ko sola na cikin kayan farko. Layukan waya kuma galibi suna haɗa mutane da yawa a adireshin intanet ɗaya, abin da ke sa isa ga na'urar daga waje ya yi wuya. Shawara ita ce a fara daga cikin gida. Da manhajar Kiwix, misali, makaranta ko gida na iya ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, yara su karanta ta waya ba tare da sayen data ba.

Sai dai mafi yawan bayanan koyon wannan aiki da Turanci ko Faransanci suke. Matasanmu na Kano da Zinder da Kumasi da suka riga suka iya, ku rubuta abin da kuka koya da Hausa, ku zaunar da ƙannenku mata da maza ku nuna musu. Kyauta kuka samu wannan ilimi daga mutanen da ba ku taɓa gani ba, kuma hanyar biyan su ita ce ku miƙa shi gaba.

A nan za mu dasa aya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)