Malika: Yadda Sarauniya Amina Ta Koma Jarumar Katun

Babu wanda ya san kamannin Sarauniya Amina ta Zazzau, domin ba a bar mana hotonta ba. Duk surar da muke gani wani ne ya ƙago ta, har da wadda aka buga a kan sarki a 1975.

A 2017, Roye Okupe, ɗan Legas da ya karanci kimiyyar kwamfuta a Amurka, ya fitar da littafin labari cikin zane, Malika: Warrior Queen, a kamfaninsa YouNeek Studios. Daga tarihin Amina ya samo jarumar: sarauniyar wata ƙagaggiyar daula mai suna Azzaz, a ƙarni na 15. Chima Kalu ne ya zana ta. A 2019 aka saki gajeren katun ɗinta a YouTube da muryar Adesua Etomi, bayan an tara kuɗin aikin ta Kickstarter.

Malika ba ta jiran wani ya cece ta. Ita ke jan runduna, ita ke fama da makircin 'yan fada.

Sai dai da Turanci take magana. Ƙanwata a nan Kankiya ta kalla a wayata, faɗan ya burge ta, amma ba ta san daga Amina labarin ya samo asali ba sai da na gaya mata.

Manhajojin Krita da Blender kyauta ne, ibisPaint kuwa ko a wayar Android yana aiki. Kayan aiki sun zo hannunmu. Saura mai zana Amina da za ta yi wa yaranmu magana da Hausa.