Tsakanin Alƙalami da Neman Abinci: Abin da Marubucin Ƙagaggen Labarin Hausa Zai Ɗauka daga Rayuwar Marubutan Faris da Liyon

Tsakure

Nazarin ƙagaggun labaran Hausa ya fi karkata ga jigo da salo da zubi da tsari. Ba kasafai ake tambayar wane lokaci marubuci ya samu ya yi rubutun ba, a wane ɗaki, kuma wa ke ciyar da shi. Wannan maƙala ta duba rayuwar yau da kullum ta wasu marubuta da suka zauna a biranen Faris da Liyon na ƙasar Faransa, ta fito da shawarwarin da za su amfani marubucin Hausa, tare da nuna waɗanda bai kamata ya kwaikwaya ba.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya san tarukan marubuta a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya sha jin kukan nan: aiki da hidimar gida sun hana rubutu. A ƙarƙashin kukan akwai wani zato, wai marubucin gaske shi ne wanda ba ya da wata sana'a sai alƙalami, kuma wai haka abin yake a ƙasashen Turai. Zaton yana da illa, domin yakan sa matashi ya ajiye rubutu har sai ranar da ya samu sukuni, ranar kuwa ba ta zuwa. An zaɓi Faris saboda ita ce cibiyar ɗab'in Faransanci, a nan Alioune Diop ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947, a nan kuma kamfanin L'Harmattan ya buga Sarraounia na Abdoulaye Mamani ɗan Nijar a 1980. Liyon kuwa a nan aka yi binciken da wannan maƙala ta fi dogara a kansa.

2.0 Sana'a ta Biyu

A shekarar 2006 Bernard Lahire, masanin halayyar zaman jama'a da ke koyarwa a Liyon, ya fitar da littafi mai suna La Condition littéraire, wanda ƙaramin takensa ke nufin rayuwa biyu ta marubuta. Ya tattara amsoshin marubuta 503 masu alaƙa da yankin Rhône-Alpes, ya kuma yi doguwar hira da wasu daga cikinsu. Abin da ya gano shi ne, mafi yawansu ba da rubutu suke ci ba. Malaman makaranta ne, ko 'yan jarida, ko ma'aikata, suna shiga harkar adabi su fita gwargwadon abin da aikin albashi ya rage musu na lokaci. Wannan a ƙasar da ke da shagunan littattafai ko'ina, da dokar 1981 da ta ƙayyade farashin littafi, da hukumar gwamnati mai ba marubuta tallafi.

Hasali ma lamarin ya girmi binciken da ƙarnoni. François Rabelais likita ne a asibitin Hôtel-Dieu na Liyon a 1532, shekarar da aka buga Pantagruel a birnin. Camara Laye ɗan Gini ya rubuta L'Enfant noir, wanda ya fito a 1953, yana aikin ƙarfi a masana'antar motoci ta Simca da kasuwar Les Halles ta Faris. A gida ma haka ne: Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Balewa duk malaman makaranta ne lokacin da suka shiga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya.

Ke nan tambayar da ke gaban marubuci ita ce wace irin sana'a zai riƙe tare da rubutu. A ra'ayin wannan maƙala, aikin da ke da lokacin tashi sananne ya fi dacewa, ko da albashinsa bai kai na wani ba. Aikin da ke cin harshe, kamar aikin jarida ko rubuta wa 'yan siyasa jawabi, yana da haɗari na musamman: mutum yakan dawo gida ya tarar ya riga ya kashe jimlolinsa na ranar. Tela da mai shago sun fi ɗan jarida sa'a ta wannan fuska, domin hannu na aiki, kunne na sauraren mutane, zuciya kuma na saƙa labari. Sai dai a kula da haƙƙin aikin. Rabelais ya bar asibiti ba tare da izini ba, aka maye gurbinsa da wani likita a 1535.

Imam ya ba da misalin wata mafita. A 1936 an ɗauke shi daga aji a Katsina zuwa Zariya na kimanin wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce. Irin wannan zama na keɓewa, wanda cibiyoyin adabi a Faransa ke ɗaukar nauyinsa har yau, abu ne da sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya farfaɗo da shi da ɗaki ɗaya da kuɗin abinci na wata biyu.

3.0 Balzac ko Zola?

Babu marubucin da ake yawan kafa misali da tsarin aikinsa kamar Honoré de Balzac. Yakan kwanta da yamma, ya tashi tsakar dare, ya yi ta rubutu har gari ya waye da taimakon baƙin kofi mai ƙarfi. Da haka ya samar da La Comédie humaine, tarin ayyuka kusan casa'in. Masu ba da shawara sukan tsaya nan, su ce a yi koyi da himmarsa. Ba su cika faɗin abin da ke korar sa ba. Bashi ne, wanda ya samo asali tun faɗuwar maɗaba'arsa a 1828. Gidan da ya zauna a unguwar Passy daga 1840 zuwa 1847, wanda yanzu gidan tarihi ne, ya kama shi da sunan wata, kuma yana da ƙofar baya da yake sulalewa ta cikinta idan masu bin bashi sun zo. Ya rasu a 1850 yana da shekara 51, jikinsa ya riga ya gaji.

Émile Zola ya bi wata hanya. Kowace safiya yakan zauna ya rubuta shafuka kaɗan, ya tashi. Daga 1871 zuwa 1893 ya kammala littattafai ashirin na jerin Les Rougon-Macquart, wato kusan littafi guda a shekara. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya dace da mai aikin albashi: kalma 300 a rana, kwana shida a mako, ta haura kalma 90,000 a shekara. Wannan ya isa littafi cikakke mai kashi biyu ko uku irin na kasuwar Kano. Ga Bahaushe, lokacin da ya fi kama da safiyar Zola shi ne tsakanin sallar asuba da fita aiki, kafin waya ta fara ƙara.

Wannan batu ya fi matsa wa marubutan intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, masu sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad. Masu karatu sun biya, suna jira, suna ƙorafi idan an yi jinkiri, marubuciya kuma tana buga labari da babban yatsa ƙarfe biyun dare bayan yara sun yi barci. Wannan tsarin Balzac ne sak, kuma Balzac ɗin ma a jaridu yake sakin labaransa kashi-kashi. Maganinsa shi ne kada a fara saki sai an tara babi goma ko fiye a ajiye, a kuma sanar da ranakun hutu tun farko. Labarin da ake rubutawa a daren da za a sake shi ba ya samun gyara, shi ya sa ake ganin tauraron da ya mutu a babi na bakwai yana gaisawa da mutane a babi na talatin.

Mutuwar Zola ma tana da gargaɗi, ko da yake na daban ne. Ya rasu a 1902 a gidansa na Faris sakamakon hayaƙin murhu da mafitarsa ta toshe, har wasu na zargin da gangan aka toshe ta. Mai rubutun dare kusa da janareta, ko mai shigar da kaskon gawayi ɗaki da sanyin hunturu ya rufe taga, iskar guba iri ɗaya yake shaƙa.

4.0 Wuri

A nan ba a buƙatar dogon bayani. Marcel Proust ya lulluɓe bangon ɗakinsa da ɓawon itace don kashe ƙara, amma shi magajin dukiya ne. Simone de Beauvoir a shagon shan kofi na Flore take rubutu lokacin mamayar Jamus, saboda a can akwai murhu, ɗakinta kuwa sanyi. Abin da ya haɗa su shi ne wuri ɗaya da ake komawa kullum har jiki ya saba. Zaure ko aji bayan an tashi ko ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano duk za su yi.

5.0 Ido da Kunne

Kafin Zola ya rubuta Germinal, ya je Anzin a 1884 lokacin yajin aiki, ya sauka cikin ramin haƙar kwal da kansa. Kafin Au Bonheur des Dames ya yi ta zarya a babban kantin Bon Marché yana rubuta yadda ake jera kaya da yadda ake biyan masu sayarwa. Littattafan aljihunsa suna nan, Henri Mitterand ya buga su a 1986. Idan aka dubi labaran soyayya na Hausa, za a ga taurari da yawa suna tashi zuwa Dubai da Landan, biranen da marubucin bai taɓa gani ba, alhali Kantin Kwari da Dawanau da ɗakin haihuwa na asibitin gari suna nan ba a rubuta su ba. Yini guda a rumfar ɗan kasuwa da littafin aljihu zai ba da abin da wata guda na kallon fina-finai ba zai bayar ba.

Azouz Begag, wanda aka haifa a Liyon a 1957, ya tashi a unguwar bukkokin baƙin haure 'yan Aljeriya a Villeurbanne. Littafinsa Le Gone du Chaâba na 1986 ya haɗa karin harshen Liyon da Larabcin iyayensa tun daga take, ya kuma sanya jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshe. Marubucin Hausa na iya yin haka: bayar da labari cikin daidaitacciyar Hausa, a bar Basakkwace da Bakatsine da mutumin Damagaram su yi magana da bakinsu. Gwajin wannan kuwa shi ne na Gustave Flaubert, wanda yake karanta jimlolinsa da babbar murya kafin ya amince da su. Wannan ya fi wajaba a Hausa, domin kaso mai yawa na masu bin labaranmu ta rediyo da YouTube suke sauraren su, kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsayin wasali, saboda haka jimlar da ke da harshen damo a kunne ake kama ta.

6.0 Haƙƙin Mallaka

An kafa ƙungiyar Société des gens de lettres a Faris a 1838, Balzac da Victor Hugo da Alexandre Dumas da George Sand na cikin waɗanda suka tsaya mata. Babban abin da ya haɗa su shi ne jaridu na kwafar labaransu suna sake bugawa ba tare da biya ba. Marubuciyar da ta ga littafinta na kuɗi yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp, ko ana karanta shi a tashar da ba ta sani ba, ta san wannan ciwo. Marubutan Kano sun taɓa haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi fice, amma ƙarfinsu ya fi tafiya ga bugu da rarrabawa. Abin da Faransawan suka ƙara shi ne karɓar kuɗi a madadin mambobi daga duk wanda ya sake buga aikinsu.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da mutum ɗaya zai iya. Ya ajiye kwafin rubutunsa mai kwanan wata a wuri biyu, ɗaya ba a waya ba. Idan mai shirya fim ko mai tasha ya nemi labari, a rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce, a fayyace wane haƙƙi aka bayar, na bugu ko na murya ko na fim, na shekara nawa, da kuma nawa za a biya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, a Nijar kuma ofishin BNDA da ke Yamai ne ke karɓar rajistar ayyuka.