Sauka a Matsakaicin Otal a Birnin Belgired: Abubuwan da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Ɗan kasuwar da harka ta kai shi Belgired, babban birnin ƙasar Sabiya da ke yankin Balkan a kudu maso gabashin Turai, zai tarar da masaukai iri uku. Akwai manyan otal-otal masu taurari biyar inda jakadu da shugabannin kamfanoni suke sauka, akwai ɗakunan haya na 'yan kwanaki waɗanda masu su suke tallatawa ta intanet a kan farashi mai rahusa, sa'an nan akwai matsakaitan otal-otal masu taurari uku ko huɗu da suke tsakani. Ga mai zuwa sayen kaya, ko ƙulla yarjejeniya, ko halartar bikin baje koli, na tsakiyan nan ne suka fi dacewa, kuma babban dalili shi ne wata 'yar takarda da otal yake samar wa baƙonsa.

Dokar baƙi ta ƙasar Sabiya ta wajabta a yi wa kowane baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24 da isowarsa, kuma nauyin yin haka yana wuyan wanda ya ba shi masauki. A otal mai lasisi abin ba ya ɗaukar lokaci. Baƙo zai miƙa fasfonsa ga ma'aikacin da ke karɓar baƙi, shi kuwa ya shigar da suna da lambar fasfo da ranar shigowa cikin kwamfutar da ke haɗe da ta hukuma, shi ke nan an gama. Shaidar wannan rajista ita ce mutanen ƙasar suke kira “beli karton”, wato farin kati, domin a dā kati ne fari ake cikewa da hannu. Yanzu da yake ta kwamfuta ake yi, otal da yawa ba sa ba da takardar sai an tambaya. To, a tambaya, a karɓa, a adana ta cikin fasfo. Ɗan sanda yana da ikon neman ta a kan titi, haka ma jami'in shige da fice ranar fita, kuma wanda aka samu ba shi da rajista yana iya fuskantar tara da ɓata lokaci, har ma da wahalar samun izinin shiga a gaba. Ba kowa ake tambaya ba, amma matafiyi mai ɗauke da fasfon wata ƙasar Afirka bai kamata ya dogara ga sa'a ba.

A nan ne arhar ɗakin haya take iya zama tsada. Mai ɗaki na kirki zai yi wa baƙonsa rajista kamar yadda otal yake yi. Wani kuwa, musamman wanda ba ya son hukumar haraji ta san yana ba da haya, sai ya miƙa makulli ya yi gaba, ya bar baƙo da neman ofishin 'yan sanda a garin da bai san hanya ba, bai kuma ji harshe ba. Tun kafin tafiya ma otal yana da rana, domin ɗan Nijeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Sabiya, kuma shaidar kama masauki, tare da takardar gayyata daga kamfanin da za a ziyarta, suna cikin abubuwan da suke ƙarfafa takardun neman bizar. Tun shekarar 2014 ƙasar ta sassauta wa masu riƙe da bizar Shengen ko ta Ingila ko ta Amurka wadda wa'adinta bai ƙare ba, suna iya shiga na ɗan lokaci ba tare da wata bizar ba, amma yana da kyau a tabbatar da wannan a ofishin jakadancin Sabiya da ke Abuja kafin a yanki tikiti. Sassaucin bai ɗauke wa kowa wajibcin rajistar 'yan sanda ba.

Bayan takarda, sai unguwa. Kogin Sava ya raba Belgired biyu kafin ya faɗa cikin kogin Danub a gindin tsohuwar ganuwar Kalemegdan. A gabashin kogin akwai tsohon gari, inda ma'aikatun gwamnati suke, da titin Knez Mihailova na masu tafiya a ƙasa, da dandalin Terazije inda otal ɗin Moskva yake tsaye tun 1908. A yammacinsa akwai Sabuwar Belgired, wadda aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu a kan fadama, mai faffaɗan tituna da dogayen benaye, kuma a can ne yawancin manyan kamfanoni da bankuna suke da hedkwatarsu. Cikinsu har da kamfanin gine-gine na Energoprojekt, wanda tsofaffin 'yan kasuwarmu ba za su manta da shi ba, domin shi ne ya gina filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Legas da aka buɗe a 1977, a zamanin da Belgired take babban birnin Yugoslabiya. Tsakanin ɓangarorin biyu gadoji ne ƙalilan, kuma da safe da lokacin tashi daga aiki suna cushewa ƙwarai. Wanda tarurrukansa suke Sabuwar Belgired amma ya kama ɗaki a tsohon gari don sha'awar kallo, zai biya kuɗin wannan sha'awa a kan gada sau biyu kowace rana. Saboda haka a fara sanin adireshin wanda za a gani, sa'an nan a zaɓi otal.

A kuma yi hattara da tsohon talla. Har yanzu ana iya cin karo da otal mai kirarin yana dab da babbar tashar jirgin ƙasa ko ta motoci, alhali an rufe tsohuwar tashar jirgin da ke bakin Sava a 2018 aka mayar da ita unguwar Prokop, babbar tashar motocin safa kuma ta koma Sabuwar Belgired a 2024. Haka kuma filin baje kolin birnin, wanda aka buɗe a 1957 a gefen kogin, gwamnati ta bayyana shirin mayar da shi Surcin, kusa da filin jirgin sama, inda za a yi bikin baje kolin duniya na shekarar 2027 daga watan Mayu zuwa Agusta. Mai niyyar halartar kowane biki sai ya tabbatar da wurin da za a yi shi tukuna. A irin waɗannan makonni ɗakuna suna ƙarewa da wuri, farashi kuma ya tashi, musamman cikin watan Mayu, lokacin da aka saba yin bikin baje kolin injuna da fasaha a Belgired, da na kayan noma a birnin Novi Sad mai tazarar kimanin kilomita 80.

Taurarin da ke manne a ƙofar otal hukuma ce take ba da su bisa ga kayayyakin da aka tanada, kamar girman ɗaki da na'urar hawa bene da sa'o'in da ake samun ma'aikaci a bakin aiki. Ba su auna tsufan gini ko sabuntarsa, don haka mai taurari uku da aka gyara bara yana iya fin mai huɗu da ya shekara ashirin bai ga fenti ba. Akwai wata kalma da ake yawan gani a jikin alluna, wato “garni”. Ma'anarta otal ne mai ba da ɗaki da karin kumallo kawai, ba a dafa abincin rana ko na dare. Da yawa daga cikin irin waɗannan a tsohon gari hawa biyu ko uku ne na wani tsohon bene, ƙofarsu ƙarama, na'urar hawansu ba ta wuce mutum biyu da akwati ɗaya. Mai ɗauke da samfuran kaya masu nauyi ya tambayi wannan tun yana gida. Wanda kuma yake son ya gana da abokin ciniki a masaukinsa ya tambaya ko akwai zauren da za a zauna, domin tattauna kwangila a gefen gado ba ya ƙara wa ɗan kasuwa kwarjini.

Sha'anin kuɗi yana bukatar ɗan bayani. Sabiya ba ta cikin Tarayyar Turai, ko da yake tun 2012 take cikin jerin masu jiran shiga, kuma kuɗinta shi ne dinar. Amma za a ga otal ya rubuta farashin ɗaki da Yuro. Wannan ɗabi'a tana da asali. A shekarar 1993, lokacin yaƙe-yaƙen wargajewar Yugoslabiya da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya, hauhawar farashi ta kai matsayin da sai da aka buga takardar kuɗi guda ta dinar biliyan 500, albashin wata ya zama ba ya sayen abin kirki kafin a kai shi kasuwa. Tun daga lokacin jama'a suka saba auna duk wani abu mai daraja da kuɗin waje, da farko Mak na Jamus, daga baya Yuro, duk da cewa dinar ya daɗe da daidaita, yana kewayen 117 a kan Yuro ɗaya shekaru da dama. Sai dai biya a cikin gida da dinar doka ta ce a yi, don haka ranar sallama otal zai juya lissafin zuwa dinar, kuma haƙƙin baƙo ne ya tambayi farashin canjin da aka yi amfani da shi, ya gwada da na babban bankin ƙasar. Canji a cikin otal ko a filin jirgi ya fi cuta. Shagunan canji masu lasisi, waɗanda ake rubuta wa “menjačnica”, suna kusan kowane babban titi, suna kuma ba da rasit. A canza gwargwadon bukata kawai, domin dinar ɗin da ya yi saura da wuya ya canzu a wajen ƙasar. Wanda ya shigo da tsabar kuɗi fiye da Yuro 10,000 wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan.

A cikin lissafin otal za a ga harajin kayan masarufi na kashi 10 cikin ɗari a kan kwana, wanda galibi yana cikin farashin da aka faɗa, da kuma harajin kwanan baƙo na hukumar birni, wanda bai kai Yuro biyu a kowane dare ba, amma sau da yawa daban ake karɓarsa. Mai biya da katin banki ya sani wasu otal-otal suna riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina ranar shiga, kuma sakinsa yana iya ɗaukar kwanaki bayan an tashi. Ga mai tafiya da ƙididdigaggen guzuri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma tabbatar a bankinsa tun daga gida cewa katin zai yi aiki a waje, da iyakar abin da zai iya kashewa. Idan kamfani ne zai biya kuɗin tafiyar, a nemi a rubuta takardar lissafin da sunan kamfanin tun ranar shiga, a haɗa da rasit ɗin hukumar haraji da na'ura take fitarwa.

Babu jirgin da yake tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Belgired, yawancin matafiya ta Istanbul suke bi. Filin jirgin sama na Nikola Tesla yana da tazarar kimanin kilomita 18 daga tsakiyar gari. Kada a bi direbobin da suke tarar fasinja a bakin ƙofa. A cikin zauren isowa akwai inda ake karɓar takardar tasi mai ƙayyadadden farashi bisa ga unguwar da za a je, ko kuma a sa otal ya aiko da mota. Akwai ƙaramar bas mai lamba A1 da take kaiwa dandalin Slavija. Tun watan Janairun 2025 motocin safa da taragon cikin gari kyauta ake hawansu, ban da wannan bas ta filin jirgi da wasu ƙananan motoci na musamman. Sunayen tituna kuwa da haruffan Sirilik irin na Rasha ake rubuta da yawa daga cikinsu, saboda haka katin otal mai ɗauke da adireshi ya zauna cikin aljihu.

Abinci shi ne inda Musulmi zai fi yin takatsantsan. Naman alade ya cika girkin ƙasar, kuma yankakken naman da ake jerawa a teburin karin kumallo galibi shi ne. Ko niƙaƙƙen naman da ake gasawa, wanda suke alfahari da shi, sau da yawa gauraye ne, wasu gidajen burodi ma da kitsen alade suke toya kayansu. Kalmar da za a riƙe ita ce “svinjetina”, wato naman alade. “Piletina” kaza ce, “riba” kifi. Ƙwai da cuku da burodi da zuma da 'ya'yan itatuwa ba sa yankewa a kowane otal. Masallacin Bajrakli da ke unguwar Dorcol a tsohon gari, wanda aka gina cikin ƙarni na 16, shi kaɗai ne ya rage daga masallatan zamanin Daular Usmaniyya a birnin, ana kuma yin Juma'a a cikinsa, a nan ne za a iya samun wanda zai nuna inda ake sayar da naman halal. Buta ba ta cikin kayan banɗakinsu, sai matafiyi ya zo da tasa.

Wurin sa wutar lantarki mai zagayayyun ƙafafu biyu ne, ba irin namu mai ƙafa uku ba, don haka a sayi mahaɗi tun daga gida. Har yanzu ana shan taba a cikin gidajen abinci da yawa, wanda hayaƙi yake damunsa ya nemi ɗakin da ba a sha. Wanda yake son barci ya guji tagar da take kallon unguwar Skadarlija ko bakin kogi, inda kiɗa yake kaiwa tsakar dare. Da hunturu agogon Belgired daidai yake da na Nijeriya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa yana gaba da sa'a ɗaya. A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ga iskar da suke kira Koshava mai ratsa ƙashi, saboda haka mai zuwa duba kaya a masana'anta ko a sito ya sa a shirya masa ziyarar da hantsi.