Bindiga a Hammata: Sauƙi ga Mai Ita, Fargaba ga Na Bayansa

Duk wanda ya fito daga Karshi da sassafe zai shiga cikin birnin Abuja ya san abin da ke jiransa: Orozo, Jikwoyi, Karu, sannan Nyanya, inda motoci ke tafiyar hawainiya. Titin Apo zuwa Karshi, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2011 don rage wannan wahala, ya haura shekara goma ba a kammala shi ba. A cikin cunkoson nan akwai 'yan sandan ciki da jami'an tsaro na farin kaya da masu rakiyar manya, kuma wanda ke ɗauke da ƙaramar bindiga a ƙugu ya fi kowa jin jiki. Mariƙinta na tokarar haƙarƙari, bel ɗin kujera ya haye kanta, in kuma ta ɓaci sai ya karkace kafin hannunsa ya kai gare ta.

Wannan matsala ce ta sa wasu ke komawa ga kuben hammata. Maɗauri ne na fata ko na leda mai ƙarfi da ke zagaye kafaɗu biyu ya gicciye a gadon baya. Bindiga na zama ƙarƙashin hammatar hagu in mutum badame ne, gidajen harsashi na ko-ta-kwana kuma su zauna a dama, nauyi ya daidaita.

Ga Bahaushe dabarar ba baƙuwa ba ce. Mahayin da ke fita hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ba ya soke takobinsa a ƙugu. Da hamila yake rataya shi a kafaɗa, kuben ya sauko gefensa, domin mai zaune a kan sirdi ba ya son abin da zai tokare shi. Lissafin da sojojin Amurka suka yi ke nan a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka ba matuƙa jirgin sama da na tankar yaƙi kuben kafaɗa samfurin M3, daga baya M7. Bindigarsu ta M1911A1 ta ɗara kilo ɗaya ko babu harsashi a ciki, ga wurin zama matsattse. Mai ciwon baya ma kan samu sauƙi, tunda kafaɗu sun karɓi kayan da ƙugu ke ɗauka.

Sai dai farin jinin kuben daga fim ya zo. Clint Eastwood ya rataya shi a Dirty Harry na 1971, Don Johnson kuma ya sa shi a shirin Miami Vice da aka fara a 1984, har kamfanin Galco, wanda ya fara aiki a Chicago a 1969, ya sa wa samfurinsa suna Miami Classic. A nan ne ya kamata a tsaya a duba abin da kyamara ba ta nunawa.

Kuben iri biyu ne: na tsaye, wanda bakin bindiga ke kallon ƙasa, da na kwance, wanda bakin ke kallon baya. Na kwancen ya fi saurin zarewa, shi ya sa aka fi son sa. Amma baya ai akwai mutane. Jami'in da ke zaune a gaban mota, bakin bindigarsa na saitin wanda ke kujerar baya, wataƙila ma mutumin da aka ce ya tsare. In ya hau layi a banki, na saitin wanda ke biye da shi. In ya tsaya sallah, na sahu na biyu ne a gabanta. Ƙa'idar farko da ake koya wa mai riƙe makami ita ce kada ya taɓa nuna bakinsa ga abin da bai yi niyyar harbi ba, kuben kwance kuwa yini yake yana karya ta. Gaskiya ne bindiga mai lafiya da kunamarta ke rufe ba ta tashi da kanta. Amma ƙasar da ta sha jin labarin harsashi ya kuɓuce wa jami'i a shingen bincike bai kamata ta yi sakaci da wannan ba.

Zarewar ma da haɗarinta. Hannun dama ya ratsa ƙirji, bindiga ta fito ta yi rabin da'ira kafin ta kalli gaba, a hanya kuma ta wuce ta saitin damtsen hagu, inda babbar jijiyar jini take. Shi ya sa masu horarwa ke koyar da ɗaga gwiwar hannun hagu sama, yatsa kuma nesa da kunama, shi ya sa kuma filayen koyon harbi da yawa a Amurka suka hana zarewa daga irin wannan kube. Mayar da ita sai da hannu biyu. In kuma aka yi kokawa gaba da gaba, mariƙin na fuskantar abokin karawa, kamar an miƙa masa.

Ga batun sutura. Kuben hammata sai da kwat ko jaket a buɗe, alhali a watan Maris zafin Abuja kan haura digiri 35. Zufa ta jiƙa fata, fata ta riƙe danshi, ƙarfe ya fara tsatsa. Kaftani kuwa rufe yake ta gaba, hannu ba shi da mashiga.

Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, wanda ba ya halatta ga farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe shi ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Bindigar farauta ce ke ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar, ta toka kuma kwamishinan 'yan sanda. Don haka zaɓin kube magana ce ta jami'ai da hukumominsu. Ga direba ko mai rakiya da ke yini a kujera, kuben hammata na da hujja mai ƙarfi, amma na tsaye ya fi dacewa, bayan horo na musamman. Jami'in da aikinsa yawo ne a ƙafa cikin kasuwar Karshi ko tashar Nyanya, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa, kuben ƙugu mai makulli ya fi masa, ya kuma fi wa matar da ke bayansa da goyo.