Gano matsalolin tuƙi a Corvette C5 mai giyar otomatik da aka sauya wa kayan inji

Gano matsalolin tuƙi hanya ce da makanikai ke bi don sanin dalilin da ya sa mota ke mutuwa a tsaye, ko fizga, ko jinkirin ɗaukar wuta, ko canza giya ba bisa ƙa'ida ba, alhali tana tashi kuma tana tafiya. Aikin ya fi wahala a motar tsere da aka sauya wa kayan inji, domin kwamfutar motar tana ci gaba da aiki da lissafin da kamfani ya tsara mata don kayan asali. Chevrolet Corvette C5 mai giyar otomatik tana cikin motocin da aka fi yi wa irin waɗannan sauye-sauye a Amurka, don haka ta zama misali mai kyau. Yawancin matsalolinta bayan gyara suna fitowa ne daga rashin jituwa tsakanin sababbin kaya, da giyabos, da lissafin kwamfuta.

Bayanin motar

Kamfanin General Motors ya ƙera Corvette C5 a garin Bowling Green na jihar Kentucky daga samfurin 1997 zuwa na 2004. Injinta shi ne LS1, mai silinda takwas da girman lita 5.7. Yana ba da ƙarfin doki 345 a farkon fitowarsa, aka ɗaga zuwa 350 a 2001. Giyabos ɗin otomatik shi ne 4L60-E mai giya huɗu, kuma a wannan motar an ɗora shi ne a baya, haɗe da aksul. Totur ɗinta na lantarki ne: babu wayar ƙarfe tsakanin fedal da inji, saƙon lantarki ne ke buɗe bakin iskar. Kwamfuta guda, wadda ake kira PCM, kuma makanikan Najeriya suka fi sani da biren bos, ita ke sarrafa inji da giya gaba ɗaya. Saboda haka kuskure a lissafin iskar inji yakan bayyana kamar matsalar giya.

Sauye-sauyen da aka fi yi

Na farko shi ne babban kamshaf, wanda ke buɗe bawul sosai kuma ya daɗe bai rufe ba. Yana ƙara ƙarfi idan inji yana juyi da sauri, amma a silo, wato lokacin da inji ke aiki mota na tsaye, bawul na shiga da na fita sukan kasance a buɗe tare na ɗan lokaci. Wannan yana rage zuƙar iska a cikin manifol, ya sa injin ya riƙa rawa.

Na biyu shi ne dogayen bututun hayaƙi da ake sa wa a madadin na asali. Suna tura sensar iskar oksijin nesa da inji, inda hayaƙi ya fi sanyi, sai sensar ta yi jinkirin amsawa.

Na uku shi ne konbata, wato tulun mai da ke tsakanin inji da giyabos a madadin kuloci. Kowace konbata tana da iyakar juyin da take barin inji ya kai kafin ta kama sosai. Ta asali tana kamawa a ƙasa da juyi 2,000 a minti, waɗanda ake sayowa kuwa sukan kai 2,800 zuwa 3,600 ko fiye.

Na huɗu shi ne canza haƙoran aksul. Motar otomatik tana zuwa da ma'aunin 2.73, ko 3.15 ga wanda ya zaɓa, masu gyara kuma sukan koma 3.42 ko 3.73. Akwai kuma matatar iska mai buɗaɗɗen baki da manyan nozul na fetur.

Alamomi da abin da suke nunawa

Mutuwa idan an saka giya ko an tsaya a danja. Babban kamshaf yana buƙatar silo mafi tsayi da ƙarin iska. Idan ba a gyara lissafin kwamfuta ba, injin yakan mutu da zarar konbata ta ɗora masa nauyi, musamman idan na'urar sanyaya mota tana kunne.

Mota tana tura kanta a kan birki. Wannan yana faruwa idan an ɗaga silo saboda kamshaf amma aka bar konbata ta asali. Direba yakan danne birki da ƙarfi kafin motar ta tsaya cak. Ƙarancin zuƙar iska yana ƙara haɗarin, domin da ita ne tulun birki ke taimaka wa ƙafa, idan ta ragu sai fedal ya yi tauri.

Fizga a ƙaramin gudu. A cikin konbata akwai wani kuloci da ke kulle inji da giyabos idan mota ta miƙe hanya. Giya ta huɗu ta 4L60-E tana da ma'aunin 0.70, don haka idan kulocin ya kulle da wuri, juyin injin yakan faɗi zuwa inda babban kamshaf ba ya aiki da kyau, sai motar ta riƙa gaba da baya.

Kulocin konbata ya ƙi kullewa. Rawar babban kamshaf takan yaudari kwamfuta ta ɗauka cewa wata silinda ba ta ƙona fetur, ta rubuta lambar P0300, sannan ta saki kulocin. Sakamakon shi ne shan fetur da zafin man giya.

Inji ya kai iyakar juyi kafin giya ta shiga. Kwamfuta tana canza giya bisa gudun mota da yawan totur. Idan an canza haƙoran aksul ko konbata, injin yakan riga lissafin isa iyakarsa.

Mota ta rage ƙarfi da kanta. Idan iskar da ke shiga ta wuce abin da kwamfuta ke tsammani daga buɗewar totur, takan ɗauka cewa totur ɗin lantarki ya lalace, ta rage ƙarfin inji don kare direba. Lambar da aka fi gani a nan ita ce P1514.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne rubuta tarihin motar: wane kaya aka sa, yaushe, kuma bayan wane sauyi matsalar ta fara. Ana kuma rubuta yanayin da take faruwa, ko inji na da sanyi ko ya yi zafi, a wace giya, a wane gudu.

Na biyu shi ne karanta lambobin matsala. Tun daga samfurin 1996 doka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a Amurka, kuma C5 tana iya nuna lambobinta a allon gaban direba ta hanyar danna maɓallai, ko babu na'urar bincike. P0171 da P0174 suna nufin fetur ya yi kaɗan a ɓangare na ɗaya ko na biyu na injin. P0101 tana nuni ga sensar auna iska, wadda aka sani da MAF. P1870 tana nufin akwai zamewa a cikin giyabos. Lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai, gano dalili kuwa aikin makaniki ne.

Na uku shi ne duba kayan yau da kullum kafin a taɓa kwamfuta. Ana duba fulogi da wayoyinsu, domin dogayen bututun hayaƙi sukan ƙona wayar da ta taɓa su. Ana auna ƙarfin famfon fetur, wanda ya kamata ya tsaya kusa da 58 psi. Ana neman inda iska ke sata ta tiyo ko gaskit bayan sensar MAF, da inda hayaƙi ke yoyo kafin sensar oksijin, domin wannan yoyon yana sa sensar ta ba da rahoton ƙarya cewa fetur ya yi kaɗan. Matatar iska da aka cika wa mai takan ɓata wayar MAF. C5 tana da nata raunin da aka sani: batir yana zaune a saman kwamfuta, kuma idan ya yi yoyo, ruwan batir yakan ci wayoyi da tiyon da ke ƙarƙashinsa. Wayoyin da aka ɗaure a jikin firam ma sukan yi tsatsa su kawo matsalolin lantarki masu zuwa da tafiya. Sensar da ke jin ƙarar buga inji tana ƙarƙashin manifol, inda ruwa kan taru ya lalata ta. A injin da aka sa wa babban kamshaf, ana buɗe murfin bawul a duba ko wani sifirin ya karye.

Na huɗu shi ne raba matsalar inji da ta giya. Idan injin yana rawa ko mota na tsaye ba a giya ba, matsalar ta inji ce. Idan fizgar ta ɓace da zarar an ɗan taɓa birki ana cikin tafiya, abin da ke sakin kulocin konbata, to zargi ya koma kan kulocin ko lokacin kullewarsa. Idan juyin inji ya tashi sama tsakanin giya ta biyu da ta uku kafin ta kama, alama ce ta cinyewar faifan kuloci na giya ta uku da ta huɗu, wanda shi ne sanannen raunin 4L60-E. Giyabos ɗin C5 ba shi da sandar auna mai. Ana ɗaga motar a daidaice, inji na aiki, a kwance wani noti a jikin kaskon mai a duba. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna yana nufin faifai sun riga sun ci wuta.

Na biyar shi ne ɗaukar bayanai ana cikin tuƙi. Injin fetur yana ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur a tafiya ta yau da kullum, kuma kwamfuta tana ƙara ko rage fetur don riƙe wannan ma'auni. Gyaran da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba ana ɗaukarsa daidai. Idan yana da yawa a silo amma ya ragu da an taka totur, ana zargin satar iska. Idan kuwa yana ƙaruwa ne lokacin da inji ke ɗauke da nauyi, ana zargin famfo ko nozul.

Daidaita kwamfuta

Bayan an tabbatar da lafiyar kayan ƙarfe da na lantarki ne ake sake rubuta lissafin PCM, da manhajoji irin su HP Tuners ko EFILive. Ana gyara tsayin silo da iskar da yake buƙata, jadawalin iska da fetur, lokacin tartsatsin fulogi, gudun da kowace giya ke shiga, da gudun da kulocin konbata ke kullewa. Sauyi ɗaya ake yi a gwada kafin a yi na gaba. Lissafi ba ya toshe tiyon da ya fashe, kuma ba ya dawo da faifan da ya cinye. Idan aka daidaita kwamfuta a kan mota mai yoyon iska, ranar da aka toshe yoyon sai an sake aikin daga farko.

Haɗari da doka

Ƙarancin fetur lokacin da aka danne totur gaba ɗaya yana iya narkar da fistin, shi ya sa masu daidaitawa ke amfani da sensar oksijin ta musamman mai faɗin awo, suna neman kusan kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi 1 na fetur. Kwamfutar asali tana rage ƙarfin inji na ɗan lokaci yayin canza giya don kare faifai, kuma cire wannan kariya yana rage kwanan giyabos. Konbata mai saurin zamewa tana haifar da zafi mai yawa, saboda haka akan ƙara wa man giya lagireto na daban. A Amurka, dokar tarayya ta tsaftar iska ta haramta cire ko kashe na'urorin rage hayaƙi a motar da ke hawa titin jama'a, jihar Kalifoniya kuma tana buƙatar kayan da aka ƙara su kasance da amincewar hukumarta ta kula da iska kafin motar ta ci gwajin hayaƙi.